Waɗanda Ba Su Zo Sujada Ba

Daga tsakiyar Nuwamba ake fara jin maganar, a bakin injin niƙa, a cikin keke napep, a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada: "Bana kam babu Kirsimeti." Mai faɗar ba ya nufin ya bar addini, ba ya kuma nufin an goge 25 ga Disamba daga kalanda. Kowa ya san inda ya dosa. Mudun shinkafa ya fi ƙarfinsa, bai shiga watanda ba, cikin yaransa ko ɗaya bai kai wa tela yadinsa ba. Wanda aka faɗa wa ma ba ya musu, sai dai ya ce, "Allah ya rufa mana asiri," kowa ya kama gabansa.

A shekarar 2024 maganar ta fi kowane lokaci yawa a baki. An janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta zube, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne, buhun shinkafa mai kilo 50 kuwa ya haura haka a yawancin kasuwanni. Ƙaramin ma'aikaci ya yi wata guda cur yana aiki, abin da ya samu bai ɗaga buhu ɗaya ba. Saboda haka ban ga laifin magidancin da ya yi wannan kuka ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka amince, ba tare da wani ya zaunar da mu ya koya mana ba, cewa bikin haihuwar Almasihu abu ne da talauci ke iya hana mutum.

Kowace shekara akan yi wa'azi a kan son abin duniya a lokacin Kirsimeti, amma sau da yawa wa'azin aro ne. An ɗinka shi ne don mutanen Amurka da Ingila, waɗanda damuwarsu ita ce kaya sun yi musu yawa: kyautar da ba a buƙata, abincin da ake zubarwa, layin da ake ja a ƙofar manyan kantuna ranar rangwame. Fasto ya hau bagadi a Kafanchan ko Zonkwa ya ce a rage sayayya, alhali rabin masu sauraronsa ba su sayi komai ba, ai ya harba kibiya inda babu nama. Namu ciwon daban ne. Mu ba ƙoshi ke tura mu kasuwa ba, kunya ce. Mace ta kwashe adashen da ta yi wata goma tana zubi, ba don atamfar ta ba ta sha'awa ba, sai don kada a ce ita kaɗai ce ba ta yi anko ba. Magidanci ya ci bashin kaji biyu don kada yaransa su ji ƙamshin suya daga maƙwabta su dube shi. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan tun da daɗewa, da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Sai dai ni ba na iya kiran waɗannan mutane wawaye. Na san su, na kuma san idon da suke gudu.

Wanda ke son ganin ƙarfin wannan ido, ya leƙa shagon tela a daren jajibiri. Janareto na ruri a waje, kekuna uku na gudu, yaron shago na hura gawayin dutsen guga. Ledoji sun taru a kusurwa, kowace da 'yar takarda mai suna an maƙala da allura. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, mata na zaune a benci sun lulluɓe da zane saboda sanyin hunturu, ba mai niyyar tashi. Wata ta matso ta rage murya: "Malam, don girman Allah, ko na autan ka gama mini. Manyan sa yi haƙuri." Shi kuma, allura a baki, bai ko ɗaga kai ba: "Mama, je ki kwanta. In Allah ya yarda kafin a buga ƙararrawar farko kin samu." Ita ta san ya faɗa wa mutum goma haka, shi ma ya san ta sani. Galibi telan Musulmi ne, kuma ba baƙon wannan dare ba ne, don irinsa yake kwana a jajibirin ƙaramar Sallah, da irin roƙon, da irin alkawarin. A wannan fanni addinan biyu ba su da abin gorantawa juna.

Gari ya waye, majami'a ta cika ta batse. Leshi, shadda, atamfa, gwaggwaro ya tokare sama, 'yan yara na tafiya da ƙyar cikin sabon takalmin da aka sayo da ɗan girma don ya kai baɗi. Mawaƙa sun saki murya, Zumuntar Mata ta buga tulu, a fito baiko rukuni-rukuni ana rawa. Ina son wannan safiya, ba zan ɓoye ba. Amma akwai lissafin da ba a yi. Magatakarda kan ƙirga waɗanda suka zo, ya sanar da adadi ana tafi. Ba wanda ke ƙirga waɗanda ba su zo ba. Gwauruwar da ba ta fasa sujadar Lahadi ko sau ɗaya ba tun Janairu, wadda ita ke share majami'a ranar Asabar, yau ba ta nan. In ka tambaya a ce ba ta jin daɗi. Gaskiyar ita ce yaranta sun ƙi fita da tsofaffin kaya, babbar ta yi kuka tun dare, ita kuma uwar ba ta da zuciyar tilasta musu. Ranar da aka keɓe don tunawa da yaron da aka haifa inda dabbobi ke cin abinci, ita ce rana ɗaya tak a shekara da talaka ke jin majami'a ta fi ƙarfinsa.

Wannan ba sabuwar cuta ba ce. Wasiƙar Yaƙub, a sura ta biyu, ta tsawata wa masu bi da ke ba mai zoben zinariya da tufafi masu kyau wurin zama na daraja, su bar mai tsumma a tsaye. Bambancin kawai shi ne mu ba ma korar kowa da baki. Ba dattijon ikilisiyar da ya taɓa tsayawa a ƙofa ya ce sai mai sabon ɗinki. Mun dai shirya ranar ta yadda mai tsumma zai kori kansa, mu kuma hannunmu ya fita.

Kada a ɗauka ina cikin masu son a kashe biki. An taɓa gwada hakan. A 1647 majalisar dokokin Ingila, ƙarƙashin masu tsananin ra'ayin tsarkake addini, ta soke bikin Kirsimeti, har aka yi tarzoma a wasu garuruwa, kuma dokar ta mutu da dawowar sarauta a 1660. A yankin Massachusetts na Amurka, daga 1659 zuwa 1681, wanda aka kama yana bikin tarar sule biyar ake cin sa. Sun ga shaye-shaye da almubazzaranci, ba ƙarya suka gani ba, amma maganin nasu ya saɓa wa abin da ake bikin. Bangaskiyar Kirista ta tsaya ne a kan cewa Allah ya ɗauki jiki, jiki mai jin yunwa da sanyi, mai buƙatar zanen goyo. Addinin da ya faɗi haka ba zai juya ya raina tukunya ba. Yesu da kansa, bisa ga Bisharar Yahaya, a gidan biki ya yi al'ajibinsa na farko, kuma masu sukarsa sun zarge shi da yawan zama cin abinci da mutanen da ba su dace ba.

Akwai ma wani ɓangare na hidimar Kirsimeti a ƙasarmu da nake ganin ya fi wa'azi da yawa kusa da Bishara. Ɗauki watanda. Mutum ashirin ko talatin su haɗa kuɗi tun watanni, a sayo sa, a kayar da shi da asubar jajibiri a bayan gari. A shimfiɗa ganye ko buhu, a kasa nama kashi-kashi daidai yawan masu zubi, kowane kashi da tsokarsa, da ƙashinsa, da 'yar hantarsa, da tumbi. Ana yi ana gardama, wani ya ce wancan kashin ya fi, a ɗebi yanka ɗaya a mayar. Hedimasta da mai gadin makaranta, in dai zubinsu ɗaya, rabonsu ɗaya. A wurare da yawa kuma Musulmi ake kira ya yi yankan, da gangan, don kada maƙwabci ya yi shakkar ci idan kwano ya isa gidansa. Da rana sai ka ga 'yan mata ɗauke da kwanuka an rufe da kyalle, shinkafa da miya da cincin, ana shiga gida-gida: "Wai in ji Mama, a gaishe ku da Kirsimeti." A juye, a wanke kwanon, a saka ɗan abu a ciki, don ba a mayar da kwano haka nan. Idan Sallah ta zo, kwanon ya biyo hanyar da ya bi ya dawo.

Wannan ma kashe kuɗi ne, amma kuɗin waje yake fita, ya ƙulla zumunci. Abin takaici, shi ne ya fi raguwa. Tun rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 unguwanni suka rabu, a Kaduna har kogi ya zama kamar iyaka, kwano ya rasa ƙofar da zai shiga. Hidimar da ta rage sai ta juyo ciki: abin da za mu sa, hoton da za mu ɗora a Facebook, wanda zai gan mu. Shi ya sa nake jinjina wa irin abin da Fasto Yohanna Buru ya shafe shekara da shekaru yana yi a Kaduna, inda Musulmi ke halartar majami'arsa ranar Kirsimeti, shi ma yana kai musu ziyara a lokutan bukukuwansu. Ana iya saɓa masa a kan wasu abubuwa, amma ya gane cewa biki da ba baƙo a cikinsa ya rasa rabinsa.

Da mun san tarihin ranar, da mun ɗan sassauta wa kanmu. Markus da Yahaya ba su ba da labarin haihuwar ba sam, Matiyu da Luka ne suka bayar, su ma ba su faɗi wata ko rana ba. Shaida mafi daɗewa ta yin bikin a 25 ga Disamba daga birnin Roma take, a shekara ta 336. Kusan ƙarni uku ke nan masu bi suna rayuwa, ana tsananta musu, suna mutuwa saboda bangaskiya, ba su da wannan rana a jadawalinsu. Har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu, kuma sai bayan azumin kwana 43 da ba a cin nama ko madara. A Lalibela dubban mutane ke kwana a tsaye suna addu'a, kusan kowa cikin farin mayafi iri ɗaya, da wuya ka bambance attajiri da manomi. Maƙwabtanmu Musulmi za su gane hikimar nan da sauri, don su ma sai sun sha ƙishirwar wata guda kafin su ci tuwon Sallah. A jadawalin Katolika da Anglika akwai Lahadi huɗu na jira da shirin zuciya kafin ranar, amma a aikace kasuwa ce ta gaje su. Mu kan isa ranar a gajiye, mun sha rana a Kasuwar Barci ko Sabon Gari, ba mu yi jiran komai ba sai tela.

Abin mamaki, babu mutanen da labarin ya kamata ya fi yi wa sauƙin fahimta kamar mu. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller, wanda ya daɗe a Zariya, ya ba da ƙarfinsa a kai, kuma daga Zuru har Garkida, daga Wusasa har Maraɗi, da Hausa ake karanta shi a daren Kirsimeti. Wane abu ne a cikinsa baƙo gare mu? Hukuma ta ba da umarni daga nesa, talaka ya kama hanya da mace mai tsohon ciki. Gari ya cika da baƙi, masauki ya ƙare. Makiyaya na kwana a daji da garkensu. Yaran makarantar Lahadi da ke wasan kwaikwayon ba sa buƙatar a kwatanta musu komin dabbobi, akwai shi a bayan ɗakinsu. (Kowane yaro dai rawar Sarki Hirudus yake so a ba shi, saboda shi ke da rawani da tsawa.) Duk da haka sai mu sayo itacen roba daga Sin, mu manna masa auduga a madadin ƙanƙarar da yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

Akwai wani ɗan bayani a Luka da ba a cika tsayawa a kansa ba. Da aka kai jaririn Haikali, hadayar da iyayensa suka miƙa tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tattabarai. Dokar da ke Littafin Firistoci, sura 12, ɗan rago ta nema, ta yi rangwamen tsuntsaye ne ga wadda ba ta da halin rago. Ma'ana, Yusufu, mijin mahaifiyar jaririn, ya shiga layin marasa hali a bainar jama'a, kowa na ganin abin da ke hannunsa. Da a unguwarmu yake, shi ma bai shiga watanda ba. Marubucin bai ɓoye wannan ba, bai kuma nemi a tausaya musu ba, ya faɗe shi ne kawai ya wuce, kamar abin da ba kunya a cikinsa.

Matiyu kuma ya ƙara abin da katin gaisuwa ba ya ɗauka: Sarki Hirudus ya tsorata, ya sa an kashe 'yan yara maza a Baitalami, iyali suka tsere Masar cikin dare. Ikilisiyoyi masu bin tsohon jadawali na tunawa da waɗannan yara ranar 28 ga Disamba, kwana uku kacal bayan murna. Wanda ya rasa nasa a harin bam na majami'ar Katolika ta Madalla ranar Kirsimetin 2011, ko a hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023, inda aka kashe mutane fiye da ɗari, ba shi da wuri a Kirsimetin talla, wadda kowa a cikinta dariya yake yi. A labarin asali kuwa yana da wuri, har da uwayen da suka ƙi a ta'azantar da su. Ina ganin duk majami'ar da ta tsallake wannan sura don kada ta ɓata wa mutane rai, ta bar 'yan gudun hijirarta a waje.

Sai Baba Kirsimeti, mai gemun auduga, yana zufa cikin jar riga a tsakar rana, iyaye na biyan kuɗin shiga don yaro ya karɓi motar roba da kuɗinsu ne ya saye ta. Asalinsa Nikolas ne, bishop na garin Mira da ke kudancin Turkiyya ta yau, a ƙarni na huɗu. Labarin da ake bayarwa a kansa shi ne, wani talaka yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin yi musu kayan ɗaki, har ana fargabar za su lalace. Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙullin zinariya ta taga, don kada uban ya san wanda zai yi wa godiya. Mutanen Holan suka kai sunansa Amurka, zanen da Haddon Sundblom ya fara yi wa kamfanin Coca-Cola a 1931 ya ƙara kafa siffarsa ta yanzu a idon duniya. A hanya an riƙe kyautar, an yar da daren da tagar.

Rashin wannan sirri ba ƙaramin abu ba ne. Ranar 21 ga Disambar 2024, mutum goma suka mutu a turmutsutsun rabon abinci a wata majami'ar Katolika da ke Maitama a Abuja, wasu 22 a Okija ta jihar Anambra a rana guda, kwanaki kaɗan bayan yara 35 sun rasu a wani taron yara a Ibadan. Masu rabon alheri suka nufa, yunwa ce ta fi ƙarfin shirinsu, kuma ba na ɗora musu abin da tattalin arzikin ƙasa ya haifar. Amma ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa taimako a zamaninmu sai an yi shela, an tara mabukata a fili ɗaya, an ɗauki hoton buhu da hannun mai bayarwa a kai. Ita kanta majami'a ba ta kuɓuta ba. A bikin godiyar kaka akan yi gwanjon doya da kaza, a kira sunan wanda ya saya da ninkin kuɗi ana guɗa. A raba ambulan, a karanta abin da kowane gida ya saka. Kowace ƙungiya ta fitar da sabon anko. Bagadin da ke yin haka a Nuwamba, da wane baki zai tsawata wa kasuwa a Disamba?

Washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, ranar tunawa da Istifanus ce a wannan tsohon jadawali. An fi saninsa da cewa shi ne na farko da aka kashe saboda bangaskiya, amma aikin da aka fara zaɓensa ya yi rabon abinci ne. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna cewa gunagunin farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan gwauraye ne da ake tsallakewa wajen rabon yau da kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai masu mutunci aka danƙa musu aikin. Ba taron shekara-shekara ba ne, tsari ne, da mutanen da suka san gida-gida. Mu ma muna da irinsu. Babu hukumar da ta san wace tukunya ce ba ta hau wuta ba kamar Zumuntar Mata. Suna iya rubuta sunaye tun Oktoba, a kai mudu da yadi bayan magariba ba tare da an ji ba, a saka kashi biyu ko uku a watanda da ba a faɗi na wane ne ba. Suna iya yanke shawarar cewa ranar Kirsimeti zanen Zumunta da kowa ke da shi tun bara za a ɗaura, matasa da mawaƙa su ma su sa rigar ƙungiyarsu, ta yadda mai sabo da mai tsoho ba za su bambanta a benci ba. Matar fasto da matan dattawa su fara, don su ake kallo.

Na san inda za a sami cikas. A ikilisiyoyi da yawa, matar da ke kawo ankon daga Kantin Kwari 'yar Zumunta ce, wani lokaci ma ita ce ma'aji, kuma cinikin Disamba ne ke biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta a Janairu. Mai kiwon kajin da ya zuba 'yan tsaki tun Oktoba yana cikin mawaƙa. Kasuwar da muke kuka da ita ba daga waje ta zo ba, tare muke zama a benci ɗaya, kuma ita ma tana da bakin da take ciyarwa. Duk dattawan da za su kawo maganar soke anko, sai sun fara zuwa gidan wannan mata sun zauna da ita, sun ji nawa ta riga ta zuba a kaya.